Dutse a Kwandon Zakir

Barlung, 21 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Marziya, can birnin Pindi,

Sallama da gaisuwa daga ƙaninki mafi kyau, wanda dama ba ki da wani sai shi. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, da karatun ungozomar da ya mantar da ke mu. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki. Gwiwarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ta ce in gaya miki an gama shanyar 'ya'yan itacen culi a kan soro, amma bana 'ya'yan ƙanana ne, don ruwa ya yanke wa itatuwan tun kafin su nuna. Idan rubutuna ya ba ki wahala ki kai ƙarar malamina, abin da ya zuba mini a allo shi nake zubo miki.

Labari shi ne Kawu Rozi ya samu kwangilar. Mutanen hukumar da ke kare gandun tsaunuka sun ba shi gyaran tsohuwar magudanar da ke kawo mana ruwa daga sama, wadda zaftarewar dutse ta cinye mata wuri uku. Da yake a cikin gandu take, sharuɗɗan sun fi aikin yawa. Ba siminti, ba nakiya, ba a taɓa itacen shukpa ko reshe ɗaya, ba a ihu kusa da inda awakin dutse ke kiwo. Dutse kan dutse kawai, a cusa ƙasa da ciyawa a tsakani, yadda kakanni suka yi. Na tambayi injiniyansu ko an yarda mutum ya yi atishawa, sai da ya buɗe littafinsa kafin ya gane.

Zakir, ƙanin maigidanki, shi ne kan masu jidar ƙasa. Yana nan yadda kika bar shi, fuska kamar an aiko shi ta'aziyya. Sau huɗu ke nan ina ɓoye masa dutse a ƙasan kwando. Zai haura da shi har sama, ya juye, ya ga dutsen, ya dube ni, ya ɗauka ya sa a jikin ginin. Sau ɗaya kawai ya tanka, ya ce in girma mana. Na ce masa ina hanya.

Yanzu ga babban. Gyaran magudana ba shi da amfani idan babu abin da zai gudana, don haka a cikin kwangilar har da aurar da ƙanƙara, wato a ɗebo daga tudun ƙanƙara namiji da na mace da ke kan tsauni, a haɗa su a kogo su haifi sabon da zai riƙa narkewa yana ba mu ruwa. Tsohon nan Apo Shukur ne zai ɗaura auren, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa yi. Ya samu kogo a bayan dutsen da rana ba ta leƙawa. Mutum goma sha biyu yake so, shida su ɗebo daga namijin, wancan baƙin mai tsakuwa, shida daga farar macen ta gabas. Majiya ƙarfin garin duk suna birni, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, goma sha ɗaya ya samu. Ya daɗe yana kallona kamar mai taya gurgun jaki, sannan ya ce in zo. Ƙa'idar kin san ta, amma ya maimaita sau uku idonsa a kaina: daga lokacin da aka saɓa kwando har a sauke a kogo, ba mai magana, kuma kwando ba ya taɓa ƙasa. Wanda ya gaji ya tokare shi da sandarsa ya huta a tsaye.

Wuni guda cur, Yaya. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Furman

*

Pindi, 2 ga Oktoba

Furman,

Na samu takardarka, na gode Allah da jin lafiyar Inna. Mu ma lafiya, sai dai zafi da jarrabawa. Ka ce mata na aiko man shafawar gwiwa ta hannun direban Skardu.

Maganar Apo Shukur kuwa, ban san ko in yarda ba. Kai ne bara ka rubuto mini cewa soron ɗakin Inna ya rufta, na wuni ina kuka, ashe tukunya ce ta faɗo. Kai ne ka ce an yi maka baiko da 'yar liman. Na karanta wa maigidana cewa za ka yi wuni guda ba magana, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Idan dai gaskiya ne, ka sa ƙwallon culi a baki ka riƙa tsotsa. Ba wasa nake ba. Ka tuna yadda Inna take sauka har kogi da tulu idan magudana ta bushe, da wannan gwiwar. Kuma ka ƙyale Zakir ya huta, ba kowa ne yake da fatar da ke ɗaukar tsokanarka ba.

Yayarka,
Marziya

*

Barlung, 17 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya, man gwiwa ya iso. Ni ne dai ban san yadda nake ba. Kwana huɗu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ko abincin rana ba na iya zama in gama, sai in ga na miƙe ba tare da na san inda za ni ba.

Mun yi ɗaukar ranar Litinin. Ni da Zakir muna cikin shidan namiji, Apo Shukur yana tare da mu. Da gari ya waye muka fasa ƙanƙarar da gatari, muka jera ta a kwanduna muna rufewa da ƙaiƙayi. Zakir ya zagaya bayan wani dutse. Kwandonsa na nan a buɗe, gefena kuma ga wani faffaɗan dutse, ya kai ɗan dutsen niƙan Inna. Hannuna ne ya yi, Yaya, wallahi kafin kaina ya sani. Na tura shi can ƙasa na ja ƙaiƙayi a kai. Niyyata idan ya saɓa ya ji nauyi, a yi dariya, in cire, a kama hanya da farin rai.

Sai ga rana ta taɓa kan tsaunin da wuri. Apo ya ce kowa ya saɓa yanzu-yanzu kada ta iso kan ƙanƙarar. Muka saɓa a gurguje. Na buɗe baki ke nan, ya ɗaga hannu, ya yi bismillah, shiru ya fara.

Ni ne a bayan Zakir. Daga safiya har la'asar ina kallon kwandon nan. Idan na yi magana na ɓata auren. Idan na sa hannu in ciro, sai an sauke an kwashe ƙanƙarar da ke sama, na ɓata auren. Na yi ta taɓa masa kafaɗa da sanda ina nuna masa mu yi musaya, ko juyowa bai yi ba, ga shi ma ba a musaya sai da mai bayan wofi, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Na ga igiyar ta ci rigarsa, na ga rigar ta canza launi a kafaɗar dama. Ban taɓa sanin harshe yana da nauyi ba sai ran nan.

Saura kamar taku ɗari biyu mu kai kogon, mutanen macen har sun iso suna jiranmu a tsaye, gwiwarsa ta lanƙwashe. Ya faɗi a durƙushe, gindin kwandon ya daki ƙasa. Kowa ya ji ƙarar, don ba wani sauti a wurin. Ya miƙe da kansa ya ƙarasa. Aka haɗa ƙanƙarar biyu a kogon, aka jera gorunan ruwa, aka rufe da gawayi da ƙaiƙayi. Dutsena ya fito tare da sauran, ba wanda ya dube shi sau biyu. Kin san namijin dama cike yake da duwatsu.

Da muka fito Apo ya ce mana ƙanƙarar ta ƙi auren. Ya ce mutum kamar Zakir ba ya faɗuwa da kayan da yaro zai ɗauka, sai dai idan ita ce ta ja shi ƙasa, kuma abin da ta ƙi ba a sake tilasta mata. Ya ce shi ya gama, ba zai ƙara ba.

Yanzu yara suna bin Zakir suna kiransa mai gwiwar ƙullu. Mata sun ce wanda ƙanƙara ta ƙi, akwai abin da ya ɓoye. Surukinki ya daina zama a ƙofar masallaci. Zakir yana zuwa aiki da hannu ɗaya a rataye, bai ce da kowa komai ba.

Ke ce kika yi karatu. Ki gaya mini abin da ake yi.

Furman

*

Pindi, 27 ga Oktoba

Furman, sarkin maƙaryata,

Lafiya muke, da fatan kuna haka. Wannan karon ka yi ƙoƙari, har na kusa yarda. Inda ka ɓata shi ne Zakir. Mutumin da ya goya maraƙi daga rafi har gida shi ne zai faɗi da kwando? Da ka ce kai ne ka faɗi, da na aiko maka da magani. Kuma wai kai ka yi shiru tun safe har la'asar. Na karanta wa maigidana tun daga farko har ƙarshe, ya ce a gaya maka ka bar jidar ƙasa ka zo birni ka riƙa ba da labari a gidan shayi.

Ka rubuto mini na gaskiyar. An ɗaura ko ba a ɗaura ba? Wane kogo ne? Apo ya yi kuka kamar yadda ake cewa ya yi a wancan karon?

Marziya

*

Pindi, 30 ga Oktoba

Furman,

Jiya takardar surukata ta iso. Ta ce kafaɗar Zakir ta kumbura, ta ce ba ta iya zuwa ɗiban ruwa sai ta tabbatar mata sun watse.

Maigidana ya karanta, ya ajiye, ya ce in ɗauko masa taka. Na ɗauko. Ya sake karanta ta shi kaɗai, a hankali, wannan da muka yi wa dariya. Tun jiya bai yi mini magana mai tsawo ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi. Ni na karanta masa da bakina, ina kwaikwayon muryarka.

Ya ce zai hau mota ya zo ya miƙa wa Apo Shukur takardar a gaban jama'a. Na roƙe shi kwana goma sha biyu, ya ba ni. Ka tambaye ni abin da ake yi, ka kuwa sani, ba sai an yi karatu ba. Idan daga bakin wani aka ji, ba ka da sauran zama a Barlung, ni ma ban san da wace fuska zan shiga gidansu ba. Kuma dusar ƙanƙara ba za ta jira ka ba. Idan ta rufe hanyar sama, Zakir zai ci hunturu guda da wannan sunan.

Kada ka amsa mini da wasa. Ko layi ɗaya.

Marziya

*

Barlung, 9 ga Nuwamba

Yaya Marziya,

Ina gaishe ki, ki gaishe da maigidanki idan zai karɓa. Inna lafiya. Hanya ta toshe kwana biyar a ƙasan Skardu, sai takardunki biyu suka iso a hannu ɗaya ranar Laraba. Ta dariyar na fara buɗewa. Kunya nake ji in faɗa, amma na ji sanyi a raina, na ce to ko na faɗa ba mai yarda, shi ke nan. Sannan na buɗe ta biyu.

Kawu Rozi na fara samu, a bakin magudana, yana duba ginin ƙarshe. Na gaya masa komai. Ya waiga hagu da dama, ya ja ni gefe. Ya ce mutanen gandu sun riga sun hau sun ɗauki hoton kogon, sun rubuta an kammala, su ba ruwansu da wanda ya faɗi ko wanda ya tsaya. Ya ce idan na tayar da maganar, za a ce ɗan 'yar'uwarsa ne ya ɓata aikin da aka ba shi, badi kuma akwai gyaran garken tumaki da gadar ƙafa, wani za a ba. Ya ce yara suna mantuwa, mata ma za su samu wani abin faɗa kafin bazara. Ya kuma ce, wai ni da ban taɓa rufe baki ba, yau sau ɗaya da ake so in rufe shi ne na kasa.

Na yi ta zagaya garin ranar Alhamis kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na je ƙofar su Zakir sau biyu na dawo. Na uku na same shi yana gyaran igiya da hannu ɗaya da haƙori. Na tsaya ina kame-kame, ina tambayarsa kafaɗa. Bai ɗago ba ya ce, “Tun takun farko na san akwai shi. Na kuma san hannun da ya sa.”

Na ce to me ya hana shi faɗa, kusan wata guda ana zaginsa. Ya ce idan shi ya faɗa, cewa za a yi rago ya samu wanda zai ɗora wa. Ya ce, “Naka ne, Furman. Na riga na ɗaukar maka shi sau ɗaya.”

Jiya Juma'a bayan an sallame na miƙe kafin mutane su kai ga takalmansu. Na fara magana, wasu suka fara murmushi tun ban kai ko'ina ba, don sun saba. Wani daga baya ya ce a saurara, Furman zai ba da na yau. Na faɗi dutsen, na faɗi girmansa, aka fashe da dariya. Yaya, ban taɓa jin tsoron dariya ba sai jiya. Na rasa yadda zan yi su yarda, sai na je na ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta, na riƙe a ƙirji, na sake faɗa daga farko. Wannan karon ba wanda ya motsa.

Surukinki ya tashi ya fita bai dube ni ba. Kawu ya sunkuyar da kai. Apo Shukur ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: kafin bismillah na sa dutsen ko bayanta? Na ce kafin. Ya ce to ashe ƙanƙara ba ta ƙi kowa ba, sakarai ne ya shiga tsakani, kuma aikin sakarai ana gyara shi. Ya dubi sama ta ƙofa ya ce muna da kwana biyar, ko ƙasa da haka.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta zuba mini shayinmu na gishiri ta manta gishirin, ta zauna tana kallon bango. Da ma ta yi faɗan.

Furman

*

Barlung, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Dusar farko ta sauka jiya, ta rufe hanyar sama, amma mun riga ta da kwana biyu.

Na zata Apo zai hana ni zuwa, kuma da ya yi daidai. Ranar shiri ya ce Zakir zai sake ɗauka, don wanda aka gani ya faɗi shi ya kamata a gani ya isa. Aka ce masa kafaɗar fa, ya ce ya sani. Kawu Rozi, da tumbinsa da komai, ya ce shi zai ɗauki kwandona, tun da dai sunansa ya riga ya shiga maganar. Ni kuwa Apo ya ce ba ni da kwando. Zan bi bayan Zakir da bayan wofi. Idan ya so ya ba ni kayan, ya tsaya ya juyo mini da kwandon in karɓa. Idan bai so ba, ba ni da izinin ko taɓa igiyar. Ya faɗi wannan a gaban kowa, ba kuma wanda bai gane ba.

Haka muka taho. Kawu yana haki kamar zugazugi, yana tokare kwando duk bayan taku hamsin, amma bai bari ya taɓa ƙasa ba. Zakir ya mayar da nauyin duka kan kafaɗar hagu, yana tafiya a karkace. Ni ina binsa hannu na lilo, ba komai a bayana, kuma a cikin mu duka ba wanda ya kai ni gajiya. Mun wuce rafin farko bai tsaya ba. Mun wuce gangaren tsakuwa, inda ƙafarsa ta zame har sau biyu, na miƙa hannu na janye. Rana ta raba tsaka, ta karkata. Na fara gaya wa kaina cewa haka zai kai shi har kogon, a gaban kowa, ni in iso a bayansa kamar kare, kuma haƙƙinsa ne.

A gindin hawan ƙarshe ya tsaya ya tokare da sanda. Na ɗauka hutawa ce. Sauran suka wuce mu, har Kawu. Ya daɗe a tsaye yana numfashi, yana kallon hawan. Zai iya, Yaya, na san zai iya, na ga ƙafarsa ba ta rawa.

Sai ya zare sandar, ya juyo mini da kwandon.

Na zura hannu a igiyar tana da ɗumin jikinsa. Ya riƙe gindin kwandon har sai da ya tabbatar ya zauna mini, sannan ya koma bayana. Haka muka hau, ina jin takunsa.

An ɗaura. Apo ya ce sai nan da shekara goma sha biyu za a san ko ta haihu, shi ba zai gani ba, mu mu je mu duba masa. Muka kamo hanyar dawowa ni da Zakir. Da muka iso mararrabar gidajenmu ne ya ce gobe in zo da wuri, akwai ƙasar da ta rage a jide kafin ta daskare, kuma kwandonsa ni zan riƙa ɗauka har kafaɗar ta warke.

Ki karanta wa maigidanki wannan ma. Da muryarki.

Ƙaninki,
Furman